An Ce Sai Na Biya Kafin A Samo Mini Gurbin Koyon Zane

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, ina zane da manhajojin Canva da Photoshop. Lokacin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki, ya ƙarato, na tura saƙo wurare da dama, shiru. Wani ya ce in ba shi naira 30,000 ya samo mini gurbi, za a buga mini hatimi a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi, ko ban je ba. Duk na rasa sukuni. In biya?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, kada ka ba shi ko sisi.

Saƙon WhatsApp ba ya samo gurbi a Sakkwato. Masu shagunan buga takardu fuska suke so su gani. Ka zaɓi ayyukanka biyar ko shida mafiya kyau, ka buga su a takarda, ka taka da ƙafarka da takardar makaranta, da hantsi kafin aiki ya kankama. Ka kuma kama manhajar zane ta CorelDraw tun yau, don da ita akasarin shagunan nan ke aiki.

Maganar hatimi ce ta fi ci mini rai, domin kullum sai na ji ta. An cusa wa yara cewa sa hannu a logbuk shi ne abin nema. Wa ya faɗa muku? Hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971, ta fito da tsarin SIWES ne don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa. Dillalin nan zai sayar maka da tambarin roba, ka kwana gida wata huɗu, ka fito yadda ka shiga. Ran da aka ba ka fostar walimar saukar Alƙur'ani, ka tura ta da RGB, tsarin launin allon kwamfuta, maimakon CMYK na injin bugawa, koren ya fito a dushe, ƙ da ɗ suka koma akwatuna saboda salon rubutun da ka zaɓa bai san su ba, haruffan Larabcin kuma suka warwatse suka juya baya, wane hatimi ne zai cece ka? Kwafi 500 sun riga sun fita daga inji, mai biki yana tsaye a bakin ƙofa. A gefen inji ake koyon waɗannan, kana kallon yadda ake barin gefen yanka, ana yi maka faɗa kana gyarawa. Sannan idan malamin da ke zagayen duba ɗalibai ya je bai tarar da kai ba, kai za ka amsa tambaya, dillali ya daɗe da kashe wayarsa. Cin amana ne, kuma kuɗin iyayenka ne.

Wani mai shago zai iya neman kuɗin koyarwa. Wannan daban ne, muddin ka ga shagon, ka ga injin, an yi magana a gaban mahaifinka ko yayanka. Ka tambaye shi kai tsaye: kwamfuta za a ba ni, ko aike da shara kawai?