Wane shafi ya fi dacewa da mai neman aiki?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama bautar ƙasa, kana tambayar shafin da za ka nemi aiki. Ya danganta da inda ka dosa. Idan kamfanoni ne, yi rajista a Jobberman da MyJobMag, ka kunna sanarwar imel. Idan ƙungiyoyin agaji kake hari, irin masu aiki a Maiduguri, ReliefWeb ce matattararsu. Ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanar da ita.

LinkedIn kuwa sai ka cika bayananka tsaf, domin masu ɗaukar ma'aikata da kansu suke laluben mutane a can. Tallan rukunin WhatsApp dai ni ban cika yarda da shi ba. Wanda duk ya ce ka turo kuɗin fom kafin ganawa, toshe lambarsa.