Kada ka biya kuɗin ajiya kafin ƙafarka ta taka ɗakin

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, sati uku ke nan da saukata Hamburg ta ƙasar Jamus, ina raɓe a falon wani abokina. Na ga tallan ɗaki a gidan haɗaka na mutum uku, Yuro 450 a wata. Mai ɗakin ta ce aiki ya kai ta Sifaniya, in tura mata Yuro 1,800 kuɗin ajiya, ta aiko mini da makulli ta gidan waya. Akwai kuma wani ɗan garinmu da ya ce in ba shi Yuro 900 a hannu ya ba ni ɗaki a gidan da yake haya, amma babu takarda, kuma ba zan yi rajistar adireshi a can ba. Fili mahaifina ya sayar ya haɗa mini kuɗin nan. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa ka sauka a sa'a. Na san nauyin kwana a falon wani, kullum da asuba kana naɗe bargo kafin masu gida su fito. Wannan ƙagauta ita 'yan damfara suke jira, don haka ka ɗan ƙara haƙuri.

Maganar matar Sifaniya cinikin biri a sama ne, ka fita daga ciki yau. Lissafinta kaɗai ya tona ta. Sashe na 551 na kundin dokar farar hula ta Jamus ya ce kuɗin ajiya, wanda za ka gani a takarda da sunan Kaution, ba zai wuce kuɗin haya na wata uku ba, kuma ba a lissafa kuɗin ruwa da na ɗumama ɗaki a ciki. Ko da 450 ɗin tsurar haya ce, iyakarta 1,350. Dokar ta kuma ba ka damar biya kashi uku, wata bayan wata, kashin farko sai ranar da hayar ta fara. Babu ko sisi da ya hau kanka kafin wannan rana.

Hotunan da ka gani daga wani tallan aka kwaso su. In ka nuna shakka, za ta turo maka hoton fasfo don ka natsu, kuma yawanci na wanda aka cuta kafin kai ne. Shi ya sa nake roƙonka kada ka tura mata naka, don da shi za a yaudari na gaba ko a buɗe asusu da sunanka. Daga nan sai a ce ka biya ta Western Union, ko a turo maka shafin bogi mai kama da na Airbnb, kamfanin kama masauki ta intanet, a ce akwai mutum biyar suna layi. Kuɗin da ya bi wannan hanya da wuya ya dawo.

Ganin ɗakin ma bai isa ba, domin akwai masu kama gidan saukar baƙi na 'yan kwanaki su riƙa nuna wa jama'a kamar nasu. In ka je, ka tsaya a ƙofa ka duba sunan da ke jikin ƙararrawa da akwatin wasiƙa, ka ga ko ya yi daidai da na wanda zai sa hannu a takarda. Ka leƙa kicin. Gidan da mutum uku suke zaune za ka tarar da takalma a bakin ƙofa, buroshin haƙori fiye da ɗaya a banɗaki, da jadawalin shara manne a jikin firij. Ka nemi gaisawa da sauran mazauna gidan, ka tambaye su wa suke biya.

Batun ɗan garinku ya fi damuna, saboda nan ne kunya take cin mutanenmu. Ban ce macuci ba ne. Sai dai a Jamus ɗan haya ba ya saka wani a gida da sunan haya sai da izinin mai gidan, kuma hana ka rajista alama ce babba cewa bai nemi izinin ba. Ranar da mai gida ya gano, zai iya sallamar ɗan garinku, kai kuma ka tsinci akwatinka a waje ba ka da shaidar ka taɓa ba da Yuro 900.

Rajistar adireshi, wato Anmeldung, dole ce cikin sati biyu da tarewa, kuma tun Nuwamba 2015 ba a yin ta sai da takardar shaida daga wanda ya ba ka wurin zama. Jinkiri na iya jawo tarar da ta kai Yuro 1,000. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne takardunka: ofishin kula da baƙi da rajistar yake aiki wajen ba ka izinin zama, lambar harajinka ta wasiƙa take zuwa, haka saƙonnin banki da na inshorar lafiya. Wanda zai ce ka yi rajista a wani gidan da ba ka kwana, shi ma ka guje shi, laifi ne a doka.

Ka sami ɗan garinku cikin ladabi ka ce, "Yaya, makaranta da ofishin baƙi suna neman takarda, a taimaka mini da izinin mai gida da yarjejeniya a rubuce." Babu raini a cikin wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi tsakanin muminai. In ya yarda, a rubuta kuɗin haya, adadin kuɗin ajiya, ranar shiga da wa'adin sanarwar tashi. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, ka rubuta Kaution da adireshin gidan a gurbin dalilin biya. Doka ta ce a ajiye kuɗin daban, kada ya gauraya da nasa.

Ranar karɓar makulli ku zagaya ɗakin tare, ku rubuta duk wani lahani, ku sa hannu ku biyu. Na taɓa raka wani yaro neman kuɗinsa bayan ya tashi daga gida, aka janye kabad aka nuna masa baƙin danshi a bango, aka ce shi ya jawo. Ya rantse haka ya tarar da shi, na kuma yarda da shi, amma ba shi da hoto ko ɗaya, rabin kuɗinsa ya tafi. Ka janye kabad, ka ɗaga katifa, ka ɗauki hoton komai. Ka kuma sani ba a ranar tashi ake mayar da kuɗin ajiya ba, yakan ɗauki wata uku zuwa shida, don haka kada ka ɗora lissafin sabon ɗaki a kansa.

Kafin ka sa hannu, kai takardar ofishin ƙungiyar ɗalibai ta jami'arku, AStA, yawancinsu suna ba da shawarar shari'a kyauta. Ka kuma shigar da sunanka layin ɗakunan kwanan ɗalibai na Studierendenwerk, hukumar kula da walwalar ɗalibai, tun yanzu, ko da layin da tsawo.

In kuma ka riga ka tura wa matar wani abu kana jin nauyin faɗa mini, kira bankinka yanzu, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ana iya yi ta intanet, kada ka goge saƙo ko ɗaya. Sannan ka kira Baba ka gaya masa da bakinka. Abokinka kuwa, ka roƙe shi ƙarin sati biyu, ka riƙa sa hannu a cefanen gidan.