Me ya sa ake ajiye gwani a ɗauki yaro a kurket?

Malam, ka tambaya daga Gombe: me ya sa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ke ajiye gogagge su ɗauki yaron da bai yi suna ba?

Lissafinsu na shekara huɗu ne, domin tazarar Gasar Kofin Duniya ke nan. Mai shekara 34 yau, kafin gasa ta zagayo gwiwa ta fara ciwo, shi kuwa yaro sai ya buga wasanni da yawa kafin hannunsa ya faɗa.

Dubi Ingila. A 2015 Bangladesh ta fitar da su tun a zagayen rukuni. Andrew Strauss ya karɓi ragama a matsayin daraktan kurket na Ingila, ya bar wa Eoin Morgan kyaftin, aka kawo Trevor Bayliss koci. James Anderson, duk ƙwarewarsa a jifan ƙwallo, bai sake buga wasan yini ɗaya ba, wato irin wanda ake bugawa a Kofin Duniya, aka bar shi ga wasan kwana biyar. Aka tara masu dukan ƙwallo ba tsoro, aka yi haƙuri da su ko sun faɗi. A 2019 suka ɗauki kofin a filin wasa na Lord's da ke Landan.

Ni dai a ganina, zubar da manya gaba ɗaya ganganci ne. Yaro na buƙatar babba a gefensa ranar da wasa ya yi zafi.