Tarin da ya daɗe: me ya haɗa shi da kumburin ƙafa da raunin gani?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma ta yi fiye da shekara 30 tana sana'ar turara shinkafa da itace a nan Argungu. Ta daɗe tana tari da haki, musamman da hunturu. An gwada majinarta sau biyu, an ce ba tarin fuka ba ne. Idan ƙirjin ya matsa mata mukan sayo wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a kemis, ta sha ta sami sauƙi. Bana sai ƙafafunta suka fara kumbura, idanunta kullum jajur, tana kuma cewa tana gani kamar cikin hazo. Wani mai sayar da magani ya ba mu na ɗigawa, wai na hawan jinin ido, amma tun da ta fara sai numfashin ya ƙara sarƙewa. Cututtuka uku ne suka taru mata, ko kuwa akwai hannu kamar yadda wasu ke faɗa?

Daga wani mai karatu, Argungu

Amsa: Malam, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri bisa kulawar da kake yi mata. Ban duba ta ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma abin da ka zayyana ya yi kama da ciwo guda mai rassa uku, wanda saiwarsa ke cikin huhu. Babu abin da ka ambata da hayaƙin itace na shekara 30 da magungunan da take sha ba za su iya haddasawa ba.

Hayaƙin murhu yana yi wa huhu irin ɓarnar da taba ke yi: hanyoyin iska su ƙuntace, su cika da majina, ƙananan jakunkunan da ke miƙa iska cikin jini su lalace. Likitoci na kiran wannan toshewar huhu mai daɗewa COPD, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. A yankinmu ana ganin ta sosai a jikin matan da ba su taɓa riƙe karan sigari ba.

Yadda abin ke kaiwa ga zuciya shi ne ya fi buƙatar bayani. Zuciya ɓangare biyu ce. Na hagu mai kauri ne, shi ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, na dama kuwa bangonsa siriri ne, domin aikinsa bai wuce tura jini zuwa huhu ba, tafiya ce gajera kuma hanya a buɗe. To, jijiyoyin jinin huhu suna da wata ɗabi'a: duk inda iskar oksijin ta yi ƙaranci sai su tsuke, don jini ya karkata zuwa inda iska ke isa. Wannan hikima ce ga mai lafiya. Amma idan huhun baki ɗaya ya rasa iska, sai jijiyoyin baki ɗaya su tsuke, ga kuma waɗanda cutar ta riga ta cinye. Ka san yadda injin ban-ruwa ke yi a fadama idan aka taka tiyo: ya yi ta gurnani, ya ɗau zafi, ruwan ya riƙa komawa baya. Haka ɓangaren dama ke yi na shekaru, ya yi kauri, ya buɗe, daga bisani ya gaza. Jinin da ya kasa wucewa sai ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo a ƙafafu, hanta ta kumbura ta riƙa ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jijiyoyin wuya su fito raɗau ko da mutum yana zaune. Ka danna ƙwaurin Inna da babban yatsa na ɗan lokaci, ka ɗaga. Idan gurbin yatsan ya zauna kamar a jikin tuwo, ruwa ne.

Akwai ƙari a kan haka. Idan oksijin ya daɗe yana ƙaranci, ƙoda takan aika wa ɓargo saƙo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai jinin ya yi kauri, zuciyar da ta riga ta gaji ta koma tura kunu a maimakon ruwa. Shi ya sa nake hana a ba irin waɗannan marasa lafiya maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba, duk da cewa shi ne abin da dangi ke fara sayowa idan suka ga tsohuwa ta yi laushi. Wasu kuma bugun zuciyarsu kan rikice, ya zama ba kan gado.

Jan idon yana iya fitowa daga nan. Jinin da ya yi kauri yana cika ƙananan jijiyoyin farin ido, haka kuma gurɓatacciyar iskar da huhu ya kasa fitarwa tana buɗe jijiyoyi, har ta kai ga kumbura jijiyar gani idan ta yi yawa. Alamar taruwar wannan iska ita ce ciwon kai da asuba da yawan gyangyaɗi da rana. Hayaƙin kansa ma ya isa ya ja ido. Idan kuma wata rana aka ga jini ya kwanta a farin idon bayan tari mai ƙarfi, kada a firgita, yakan washe da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Hazon da take gani kuwa, zargina ya fi karkata ga waɗannan fararen ƙwayoyi. Mafi yawan abin da ake sayar wa masu sarƙewar numfashi a kemis firednisolon ne ko deksametazon. Suna aiki kamar yankan wuƙa, kuma mu ma muna ba da su, amma na kwanaki kaɗan. Wanda ya mayar da su abin sha na watanni da shekaru, suna jawo masa yanar ido, suna ɗaga matsin ruwan cikin ido, suna tayar da hawan jini da ciwon sukari, suna kuma riƙe gishiri da ruwa a jiki, wato su ma suna da hannu a kumburin ƙafar. Irin yanar da suke haddasawa ta fi damun mutum a tsakar rana ko idan fitilar mota ta haske shi da dare, ka tambaye ta ko haka take ji. Shekaru da hayaƙin itace su ma suna kawo yana. Sai dai ina roƙonka, idan ta yi makonni tana shan su a jere, kada a tsayar da su rana ɗaya, domin jiki ya riga ya dogara da su, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Likita ne zai rage su sannu a hankali.

Maganin ɗigawar shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ka duba kwalbar. Idan an rubuta timolol a jiki, a dakatar da shi, a kai ta asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da aka ɗiga a ido ba ya tsayawa a ido, yana bin hanyar hawaye ya sauka hanci, daga nan ya shiga jini. Timolol yana rufe ainihin ƙofar da Ventolin, maganin sarƙewar numfashi, ke buɗewa a huhu, yana kuma rage bugun zuciya, shi ya sa ba a ba mai asma, kuma ake taka-tsantsan da shi ga mai toshewar huhu. Ga shi kuma ba a gane hawan jinin ido da jan ido. Sunan ma yana ruɗar da mutane, domin ruwan cikin ido ne ke matsawa, ba jini ba, kuma sai an auna da na'ura an leƙa jijiyar gani kafin a tabbatar. Idan ta tabbata tana da shi, akwai wasu magungunan da ba su taɓa huhu. Ga sauran masu karatu, irin wannan karo na faruwa ta ɗaya gefen ma: etambutol, ɗaya daga cikin magunguna huɗu na tarin fuka, yakan taɓa jijiyar gani, don haka wanda ke shan sa ya ga ganinsa ya dusashe ko ja da kore sun fara rikice masa, ya koma wurin da ake ba shi magani a ranar.

Ku tattara duk abin da take sha da wanda take ɗigawa, har da na gargajiya, cikin leda ɗaya, ku tafi Birnin Kebbi, ko Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya, idan da buƙata su tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ledar nan a nuna wa likitan ƙirji, a kuma nuna wa na ido. Za a maƙala mata ƙaramar na'ura a yatsa a ga yawan oksijin, wanda ga mai lafiya yake kaiwa kashi 95 zuwa sama, a ɗauki hoton ƙirji da na zuciya, a sa ta hura iska a na'urar auna huhu, a gwada jini da ƙoda da sukari. Gwajin ƙodar ba na ƙari ba ne, domin ita ma tana kumbura ƙafa.

Game da magani, babu abin da ya kai ta bar bakin murhu, kuma na san faɗar haka ga wadda ta ci da iyali da wannan sana'a ba ƙaramin abu ba ne. Sai maganin shaƙa, wanda mutanenmu ke gudu wai wanda ya fara ba ya bari, alhali abin da ke shiga jiki ta nan ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwayar da suke haɗiya ba fargaba. A rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, a ba ta maganin fitar da ruwa bisa awon likita. Idan oksijin ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai, shi ne maganin da ke sauke wa zuciya nauyi, amma sai an sha aƙalla awa 15 a kullum, abin da halin wutar lantarkinmu ke sa ya yi wuya. Idan leɓɓanta suka yi duhu, ko ta rikice, ko ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko ido ya kama ciwo mai tsanani da amai, ba a jiran wayewar gari.

Abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa, amma kumburin ƙafa kan sauka, hakin kuma ya ragu. Ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ya tafi ke nan, na yana kuwa yana dawowa idan an yi aikin ido, kuma ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa. Sharaɗinsa shi ne ta iya kwanciya rigingine na ɗan lokaci ba tare da tari ko haki ba, saboda haka sai an fara daidaita ƙirjin kafin a sa ranar aikin.