Komai Nisan Jifa: Ina Ƙasa Take a Cibiyar Duniya?

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, an ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. To da za a haƙa rami har cibiyar duniya a saki dutse, ina zai faɗa?"

Ɗana, madalla da wannan tambaya. Ana yin karin maganar ne ga wanda ya yi nisa da gida ko yake ganin babu mai kamo shi, don a tuna masa akwai ranar dawowa. Kalmar "ƙasa" kuwa fuska uku gare ta: turɓaya, mahaifa, da kishiyar sama. Ta ukun ce tamu a nan. Ita ke nuna inda duniya ke jan abu, wato cibiyarta, mai zurfin kimanin kilomita 6,371 daga tafin ƙafarka.

Dutsen naka gudun da ya kwaso zai sa ya zarce cibiyar, ya yi ta kai da kawowa, har iska ta cinye gudun ya tsaya a tsakiya. A can duniya ta kewaye shi ta ko'ina, kowane ɓangare yana ja daidai da wanda ke fuskantarsa, kamar igiyar da ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya suka riƙe. Ko ka ɗora shi a sikeli allura ba za ta motsa ba, kuma duk inda ya dosa sama ne. Lissafin da Isaac Newton ya fitar a 1687 ya nuna haka.

Sai dai a raba nauyi da matsi, domin mutane na cakuɗa su. Nauyin dutsen ne ya gushe. Matsin abin da ke jibge a kansa kuwa ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau miliyan 3. Shi ya sa ƙarfen da ke cibiyar duniya yake a daskare duk da zafin da ya haura digiri 5,000. Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, ita ta gano wannan dunƙulen ciki a 1936 ta bin sawun girgizar ƙasa. Haƙa kam ba ta kai ko'ina ba: ramin Kola na Rasha kilomita 12 da ɗoriya ne kawai.

Ina roƙon masu fassara su rage cewa "maganaɗisun ƙasa" idan suna nufin wannan ƙarfi da duniya ke jan abu da shi. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ya ƙyale goro da ƙwarya, alhali wannan ƙarfi ba ya zaɓe. "Jan ƙasa" ya fi dacewa, kuma yaro ɗan firamare ma zai gane shi.