Tambaya da Amsa: Malamar da ta mai da ajin dare hanyar samun ƙuri'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da mata a ajin yaƙi da jahilci a Kurna, amma kullum raguwa suke yi. Na ji an ce wata malama a Amurka ta riƙe irin wannan aji har ya taimaka wajen ƙwato 'yancin baƙar fata. Wace ce, kuma yaya ta yi?
Malamar aji, Kurna, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Septima Clark kike nufi, wadda aka haifa a 1898 a Charleston, jihar Karolaina ta Kudu. Ta fara koyarwa a 1916. A 1956 jihar ta hana ma'aikatanta zama 'yan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka. Septima ta ƙi fita daga ƙungiyar, aka kore ta bayan shekara 40 tana aiki, fansho ma ya bi ruwa.

A lokacin, ba a yi wa baƙar fata rajistar zaɓe sai ya nuna ya iya karatu da rubutu. Don haka Septima ta taimaka aka shirya ajin koya wa manya karatu domin su samu rajista. Ajin farko ya buɗe a 1957 a tsibirin Johns da ke kusa da Charleston, da ɗalibai 14, a ɗakin bayan wani shago don kauce wa idon masu tsegumi. Dare biyu a mako, a watannin da aikin gona ya lafa.

Ga inda dabarar take. Ba malamar makaranta aka ɗauko ba, sai Bernice Robinson, mai gyaran gashi: mutane sun saba da ita, kuma ba Bature ne ke biyanta ba balle ya kore ta. Ta tambayi ɗaliban me suke so su iya. Suka ce rubuta sunansu, cike takardar aika kuɗi, karanta wasiƙa. Wannan ya zama manhaja. Ba a ba babba littafin yara, ba a zaunar da shi a kujerar ɗan firamare. Kunyar nan ce ke korar manya, ba taurin kai ba.

A ajinki, Malama, ki sa kowacce ta kawo takardar da ke gagararta: katin asibiti, takardar banki, saƙon waya. Makon farko ya ƙare kowa ta rubuta sunanta ta tafi da shi gida. Ki bar su su zaɓi lokaci, domin ajin da ya ci karo da girkin rana ba ya daɗewa.

A 1961 shirin ya koma ƙarƙashin ƙungiyar Martin Luther King, ya bazu a kudancin Amurka. Septima ta rasu a 1987.