Amsa: Canza salansar Road King

Malam, tambayarka ita ce: ka canza salansar baya kaɗai a Road King ɗinka, babur ɗin nan na kamfanin Harley-Davidson, ko duk bututun tun daga injin? Canza ta bayan kaɗai, irin ta kamfanin Vance & Hines da ake zurawa a bakin bututun asali. Ta fi araha, kuma muddin ba ka taɓa matatar iska ba, yawanci ba sai an sake saita kwamfutar injin ba. In ka canza bututun gaba ɗaya, dole a saita ta, in ba haka ba mai zai yi wa injin kaɗan, ya riƙa zafi yana tari duk sanda ka saki totur.

Sharaɗi ɗaya: kada ƙara ta ruɗe ka. Na taɓa saka wata mai ruri, a cikin gari daɗi kamar me, amma bayan awa 4 a kan titi kaina kamar zai tsage, uwargida a baya kuwa ta daina yi mini magana. Nemi mai abin rage ƙara a ciki. Sa sabon maɗauri, bar tazara tsakaninta da akwatin gefe, sannan ka sake ɗaure notuna bayan tafiyar farko, injin ya huce.